Kundin gyaran keken lantarki: kwantirola ɗaya tsakanin batir 36V da 48V

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Keken na ƙanina ne, taya inci 26, an sa masa inji mai giya a tayar baya, an buga 36V 350W a jikinsa. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya jingine babur ya koma kansa, da shi yake zuwa shago. Yau turo shi ya yi har gida.

"Yaya, in na cika caji na ɗaga taya, juyawa take lafiya lau. Ina hawa na murɗa totur sai ya ɗan zabura ya ɗauke. Can an jima ma ko motsi ba ya yi, alhali allo na nuna batir a cike." Tsohuwar kwantirolarsa, akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji daga batir, ta ƙone, an sa masa wata, kuma wanda ya sa ta ya ce yanzu batir ne ya mutu, sai an sayi sabo. Batir kuwa shi ne kusan rabin kuɗin keken, ba a sayensa da ka.

Na ɗora mita. Batir daga kan caja 41.6V. Totur yana ba da 0.85V a sake, 3.6V a murɗe, daidai ke nan. Sensoshin injin guda uku, shuɗiya da koriya da rawaya, kowacce na tashi tana sauka idan an juya taya baya a hankali. Wayar birki ba ta maƙale ba. Sai da na zaro kwantirolar daga jakarta na goge ƙura sannan na ga inda gizo ke saƙa: 48V, 17A, kuma iyakar da take yanke wuta 41V.

Lambar da ke jikin batir ta tsakiyar zangonsa ce kawai. Ƙwayar litiyom irin 18650 tana cika a 4.2V, tana yin yawancin aikinta wajen 3.6V, a 3.0V kuma an ɗauka ta ƙare. Batir 36V rukuni 10 ne na ƙwayoyi a jere, saboda haka daga 42V yake gangarowa zuwa 30V. Na 48V rukuni 13 ne, daga 54.6V zuwa 39V. Wato inda na 36V yake cike maƙil, nan ne na 48V yake shirin mutuwa. Kwantirolar nan ba ta san wane batir aka jona mata ba. Ta ga 41.6V, ta bar taya ta juya a sama tunda amfiya ɗaya kawai ake ja. Mutum na hawa, wuta ta ɗan rusuna ƙasa da 41V, sai ta yanke don ta kare batirin da take zaton na 48V ne. Allon kuwa an saita shi a 36V, shi ya sa yake ta nuna sanduna a cike, sai dai E06 da ke ɗan ƙiftawa, lambar ƙarancin wuta a takardar irin wannan allon.

Ba ta lalace ba. Aikin da aka ƙera ta dominsa take yi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na sa ya kawo tsohuwar, don ina so in san abin da ya kashe ta kafin ya kashe wata. Rubutun jikinta 36V, 15A, yankewa a 31V. Ina zare murfin warin ƙuna ya buge ni. Babbar kwandansa, ƴar gwangwanin da ke tara wuta, ta kumbura, kanta ya tsage, ga 50V a rubuce a gefenta. Da na gwada mosfet shida, makunnan lantarki da ke buɗe wa inji wuta, da mita, biyu sun haɗe, ƙafa da ƙafa wuta na wucewa. Na jona ta da wayoyin inji ba tare da batir ba, na juya taya baya, sai na ji tana tirjewa kamar an taka birki. Inji mai giya dole baya za ka juya shi, domin in ka juya gaba kulocin ciki sakinsa yake yi, ba za ka ji komai ba.

Na tambaye shi ko an taɓa sa wa keken wani batir. Ya ɗan sosa ƙeya. Wai wani abokinsa ya ara masa na 48V ya ga yadda gudun zai kasance, kuma ya yi gudu sosai, sai a rana ta biyu ya ji "fas".

54.6V a kan kwandansa mai 50V ke nan. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba nan take take fashewa ba. Tana iya jurewa na ɗan lokaci, har mutum ya je yana ba da labari cewa 48V na aiki a kan kwantirolar 36V. Wasu ma na aiki da gaske, domin masana'anta da yawa kwandansa 63V suke sawa a duka biyun. Ba a ganewa daga waje, sai an kwance sukurori an karanta.

Kowace kwantirola dai iyaka biyu gare ta. Ta ƙasa tana rubuce a jiki. Ta sama a ɓoye take cikin kwandansa da mosfet da abin da ke rage wuta ya ba ƙwaƙwalwar.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kafin a kashe kuɗi, bari in ga ko ta 48V ɗin za ta sauko. Cikinta kwandansa 63V ce, ba matsala ta sama. Ƙwaƙwalwarta ba ta iya auna 41V kai tsaye, sai ta hanyar rizista biyu da ke raba wutar. Na bi siririyar jar wayar makulli a kan faranti har na same su, ƙanana kamar ƙwayar gero, ɗaya 153 ɗaya 122, wato 15k da 1.2k.

Lissafin ba wuya. A 41V, abin da ke isa ƙafar ƙwaƙwalwa shi ne 41 sau 1.2 a raba da 16.2, ya ba da 3.04V. Duk lokacin da ta ga ƙasa da haka sai ta yanke. Idan na rage ta saman, ƙaramar wuta ma za ta ba da 3.04V ɗin. Ɗora 47k a kan 15k yana mayar da su 11.4k, iyakar ta koma wajen 31.8V. Ya yi wa tsohon batir daidai, ƙwaya ba za ta sauka ƙasa da 3.2V ba. Na ciro 47k daga wata matacciyar rediyo, na liƙa da dalma, na fito da wayoyi biyu zuwa ƙaramin makunni don a iya mayar da ita yadda take.

A tsakar gida ta ɗauke ni ba gardama.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwajin titi. Daga 41V har zuwa 37V babu abin cewa. Wajen 36V aka fara jin inji na ɗan kakarewa idan an tashi daga tsaye. Da ya kusa 35V sai ya ɗauke, allo na kunne amma ya nuna E10, lambar da ke cewa ya daina jin kwantirola. Bayan daƙiƙa kaɗan ya dawo, a murɗa ya sake ɗaukewa. Wannan ba yankewar ƙarancin wuta ba ce, da ita ce da E06 zan gani, kuma da sauran fiye da 3V kafin iyakar da na sa.

Na koma kan faranti. Wutar da ke ciyar da ƙwaƙwalwa da direbobin mosfet tana bi ta wata ƙatuwar rizista mai 330 om, sannan ta shiga LM317 wanda ke fitar da 14V, daga nan wani ƙarami ya sauke ta zuwa 5V don totur da sensoshi. Rizistar tana nan ne saboda LM317 ba ya ɗaukar bambancin da ya wuce 40V tsakanin shiga da fita, kuma don ta raba zafin da shi. Na auna gefe da gefenta, tana cinye kusan 20V, wato ana jan wajen 60mA. Da batir 48V wannan daidai ne. Da batir ya sauka 35V kuwa, 15V ne ke saura, kuma LM317 na bukatar rarar kusan 2V kafin ya riƙe 14V ɗinsa. Totur na ja, batir ya rusuna, wutar ƙwaƙwalwa ta faɗi, ta mutu ta sake farfaɗowa. Akwai haɗari a nan fiye da ɗaukewar: mosfet da bai samu cikakkiyar wuta a ƙofarsa ba rabi-rabi yake buɗewa, zafi yake yi har ya ƙone. Na hana shi hawa.

Maganin a fili yake, a sa 220 om. Sai dai na zauna na yi lissafin ranar da za a sa batir 48V, don na san zuwa za ta yi. A 54.6V, LM317 zai riƙa ƙona kusan 1.7W shi kaɗai, ba ƙarfen sanyaya, cikin rufaffen gwangwani, ga bazara na tafe. Dole ke nan a sa makunni na biyu. In kuma aka manta na farkon a kunne, ƙafar ƙwaƙwalwa za ta sha 5.2V, sama da wutar da ke ciyar da ita, kuma iyakar 31.8V a kan rukuni 13 na nufin 2.45V kowace ƙwaya. Makunni biyu da dole a tuna da su kullum, a hannun mutumin da ya riga ya ƙona kwantirola ɗaya, ba gyara ba ne. Na cire 47k ɗin na mayar da ita yadda aka ƙera ta, na ajiye.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na shiga Sabon Gari na samo mai cin 36V da 48V duka, 15A, wadda ke jin yaren allonmu. Na roƙi mai shagon ya bar ni in buɗe kafin in biya. Ya ce, "Alhaji, sabuwa ce fa." Na ce na sani, lamba ɗaya kawai zan karanta. 63V a kan kwandansa, kuma babu ƙatuwar rizistar nan, ƙaramin kwayil ne da ƴar aisi ke sauke wutar, irin tsarin cajar waya. Wannan ba ruwansa da 30V ko 55V.

Haɗawa ba ta ɗauki lokaci ba. Manyan wayoyi uku na inji, filogin sensa mai biyar, totur, birki, allo. Na haɗa fararen wayoyi biyu na koyon inji, na kunna, sai na ji inji na kuka a ciki taya ba ta motsi, alamar baya yake juyawa kuloci na zamewa. Na raba su na sake haɗawa, taya ta ɗauka gaba, na raba su na naɗe da tef. P03, saitin boltej ɗin batir a allo, na bar shi a 36.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Ya sake ɗaukewa, amma da wata siga. Wajen 34V, a ɗan hawan da ke bayan unguwarmu, komai ya mutu, har allon ya yi baƙi. Makulli bai dawo da shi ba. Mita a bakin batir ta nuna wata lamba maras kan gado da ke faɗuwa da zarar an jona kaya. Ina soka caja na daƙiƙa biyu ya farfaɗo.

A wajen mai hawa duk ɗaukewa ɗaya ce, amma yanzu uku na gani kuma kowacce da mai ita. Allo a kunne da E06, kwantirola ce ta yanke da gangan. Allo a kunne ya rasa kwantirola, wutar ƙwaƙwalwarta ce ta faɗi. Allo ya mutu gaba ɗaya, BMS ne, farantin da ke tsaron ƙwayoyi a cikin batir, ya rufe ƙofa. Tambayar farko da ya kamata a yi wa duk wanda ya turo keke ita ce allon ya mutu ko bai mutu ba.

Kwantirola jimilla take gani, BMS kuwa rukuni-rukuni yake dubawa, kuma da ɗaya ya faɗi ƙasa da iyaka zai yanke ko sauran na da rai. Na yanke ledar batirin, na cika shi, na bi siraran wayoyin BMS ɗaya bayan ɗaya. Rukuni tara suna 4.19V, na bakwai yana 3.92V. Ga 41.6V ɗin da na gani ranar farko, wanda ya kamata ya zama 42V. Mai gyaran da ya ce batir ne bai faɗi ƙarya duka ba, amma ba wannan ne ya hana keken tafiya a lokacin ba, kuma da an sayi sabon 36V an jona wa waccan kwantirolar da haka zai riƙa ɗaukewa.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma bayan tarawi. Irin wannan BMS yana daidaita rukunai ne ta hanyar zubar da ƴan miliamfiya daga waɗanda suka cika, kuma sai a ƙarshen caji yake yi. Giɓin da ke tsakanin 3.92V da 4.19V a rukuni mai 10Ah ya fi ƙarfinsa. Na ɗauki ƙaramin farantin TP4056, mai cajin ƙwaya ɗaya a 1A ya tsaya a 4.2V, na ciyar da shi daga fawa-bank don kada ya haɗu da wata wuta, na maƙala shi a rukuni na bakwai kaɗai. Batirin na kan siminti a tsakar gida, nesa da ɗaki, ina zaune kusa har fitilar ta canza. Jimilla ta koma 41.9V.

Asabar, 8 ga Maris

Ba a hau keken ba, ba a jona komai ba, amma rukuni na bakwai ya sauko 4.08V, sauran suna 4.17V. Akwai ƙwayar da ke tsiyayar da caji a cikinsa. Daidaitawa ba za ta warkar da wannan ba, sai an canza rukunin duka, ƙwaya huɗu, da masu ƙarfi da shekaru kusa da na sauran. Kuma da injin ɗinkin nikel ake yi, ba a ɗora wa ƙwayar litiyom dalma mai zafi. Na sa mitar wat na sauke batirin a kan keke, ya ba da 6Ah da ɗoriya cikin 10Ah da ke rubuce.

Ƙanina ya ce shi dai 48V yake so. Tunda kwantirolar yanzu za ta ɗauka, ban hana ba. Na dai ce ya duba Wh, wato boltej sau Ah, kada ya tsaya a Ah: tsohon 36 sau 10 ne, 360Wh, wanda yake nema kuma 48 sau 13, 624Wh.

Lahadi, 16 ga Maris

Batir 48V ya iso, 13Ah, ya cika a 54.5V. Ana jona shi ya yi tartsatsi mai ƙara har ya ɗan ci bakin filogi. Kwandansa ce ke zuƙar wuta a tashi ɗaya, kuma abin na ƙaruwa sosai da ƙarin boltej. Na canza filogin zuwa XT90-S, mai ƴar rizista a baki da ke fara cika kwandansar kafin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Shiru.

P03 zuwa 48, in ba haka ba sandunan allo ba za su taɓa sauka ba sai dai keke ya mutu a hanya. Taya a sama ta ba da kilomita 42 a awa, da tsohon batir 32 take bayarwa. Haka lissafi ya ce, gudun irin wannan inji da boltej yake tafiya, 13 a kan 10. Abin da ke shiga kuma ya tashi daga wajen 615W zuwa 810W a amfiya 15 ɗin nan dai, cikin injin da aka rubuta wa 350W mai haƙoran giya na roba. Na gwada rage amfiya ta P14, na sa 12, mitar wat ta ci gaba da nuna 15A. Allon ya karɓa, kwantirolar ba ta saurare shi ba. Abin da ya rage shi ne matakin gudu: na uku cikin biyar a gari. Birkin keken ma na roba ne mai matse rim, ba a yi shi don 40 ba.

Asabar, 22 ga Maris

"Yaya, tunda batir biyu ne yanzu, me zai hana a haɗa su wuri ɗaya in riƙa zuwa nesa?"

Tanki biyu ne, ɗaya a kan rufi ɗaya a ƙasa, ka haɗa su da tiyo: na sama zai juye cikin na ƙasa har ya yi ambaliya. Bambancin 54.6V da 42V ya kai 12.6V, abin da ke tare shi kuwa bai wuce rubu'in om ba idan an haɗa na batura biyun, wato sama da 50A za su kwarara cikin tsohon, suna tura ƙwayoyinsa sama da 4.2V. Kuma BMS ɗinsa mai ƙofa biyu ne, ta caji daban ta fita daban, ba zai iya tare wutar da ta shigo ta ƙofar fita ba. Akwai akwatin dayod da ake sayarwa don haɗa batura biyu, yana hana ɗaya zuba cikin ɗaya, amma mafi ƙarfin ne ke aiki har sai sun yi daidai. Kafin na 48V ya sauko 42V ya riga ya ƙare, kwantirola kuma na shirin yankewa a 41V. A jere kuwa 96V ne da ɗoriya a kan kwandansa 63V, ba sai an faɗa ba. Ɗaya ya ƙare, a kashe makulli, a zare, a sa ɗayan, a canza P03.

Abin da ya fi tayar mini da hankali cajojin ne. Ta 42V da ta 54.6V duk baƙaƙe, duk 2A, baki iri ɗaya. Ƙaramar a kan babban batir kore kawai za ta nuna, mutum ya fita da safe da batir wayam. Babbar a kan ƙaramin batir kuwa babu abin da ke tsakaninsa da gobara sai BMS, in ya gaza ƙwaya za ta nufi 5.46V. A gidan da yara ke soka caji, fenti bai isa ba. Na yanke bakin cajar 36V da na batirinta na sa musu wani iri, yanzu ko an so ba za su shiga juna ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ya zo gaisuwar sallah da albishir. Wai ya gano keken na da rizab kamar babur: in batir 48V ya ƙare ya ɗauke, sai ya kashe makulli ya kunna, ya ƙara tafiya mai nisa. Sau ɗaya dai allon ya mutu gaba ɗaya sai da ya tura.

Na karɓi keken na sauke batirin da kaina. A 41V ƙarƙashin kaya ta yanke da E06, daidai. Batir ya huta ya farfaɗo zuwa 43V. Na kashe na kunna, ta tashi, kuma ta ci gaba da ja har ƙasa da 39V ba ta ce komai ba. Na tsaya a nan.

Kwantirola mai cin biyu a lokacin kunnawa take yanke hukunci. In ta ga wuta sama da wata iyaka ta ce 48V ne, ta sa yankewa a 41V. In ƙasa ne ta ce 36V ne, ta sa 31V. Na maimaita a wurare daban-daban, iyakar tawa na tsakanin 43V da 44V. Dole ta kasance sama da 42V don kada ta ɗauki cikakken 36V a matsayin 48V, amma hakan na nufin 48V da ya gaji yana faɗawa cikin zangon 36V. Rizab ɗin nasa ke nan: iyakar 31V a kan rukuni 13, ƙasa da 2.4V kowace ƙwaya, ba mai tsaro sai BMS. Ranar da allo ya mutu, BMS ne ya yi abin da kwantirola ta bari. Ƙwayoyin da ake kai wa ƙasa haka kullum ba sa daɗewa, kuma mai rauni a cikinsu ce ke fara zama irin rukuni na bakwai.

Wasu kwantirolocin suna da waya ko ɗigon dalma da ake kulle su a boltej ɗaya. Na duba farantin tawa gaba da baya, babu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Maƙwabcinmu mai sayar da kayan sola ya leƙo da batir 52V, yana so ya ji ko irin kwantirolarmu za ta ɗauka. Rukuni 14 ne, yana cika a 58.8V, rarar 4.2V kacal ƙarƙashin 63V. Mutane da yawa na yin haka kuma yana tafiya, na faɗa masa. Na kuma faɗa masa iyakar 41V a kan rukuni 14 ta zama 2.93V kowace ƙwaya, ta yi ƙasa, kuma allon da ke lissafin 48V zai nuna cike har batir ya yi nisa. Na 60V mai rukuni 16 kuwa 67.2V yake cika, kada ma ya gwada.

Ya ce ai baturan solarsa ma 48V ake kiransu. Haka ne, LiFePO4 ne, wani nau'in litiyom, ƙwaya 3.2V, guda 16 su ba da 51.2V, su cika a 58.4V. Masu ruwan asid guda huɗu na 12V ma 48V ne, kuma daga gare su aka gaji 42V ɗin da ake gani a jikin kwantirola da yawa, 10.5V sau huɗu. Batura uku masu suna ɗaya, kowanne da cajarsa da inda yake ƙarewa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40 da rana. Bayan tafiya da buhu a baya cikin yashi, murfin injin ba ya taɓuwa da hannu, kwantirola ma haka a cikin baƙar jakarta. A ƙaramin gudu da kaya mai nauyi, yawancin 810W ɗin nan zafi yake zama a cikin kwayil, kuma haƙoran roba ne ke fara biya. Na fito da kwantirolar na ɗaure ta a ƙarƙashin sirdi inda iska ke bugu, wayoyi na kallon ƙasa saboda damina. Caji kuma sai batir ya huce, a inuwa, domin litiyom ba a cajinsa sama da digiri 45.

Na ɗaura ƴar mitar boltej a kan hannun keken, na jona ta bayan makulli, na rubuta 43 da jan fenti a gefenta. In ta nuna haka a tsaye da batir 48V, tafiya ta ƙare, feda ce ta rage. Wannan dogaro ne da mutum, ban gamsu da shi ba. Tsohuwar kwantirolar 48V na nan lafiyarta ƙalau da iyakarta ta 41V da ba ta canzawa, kuma da zarar an haƙura da batir 36V ita zan mayar, ko da yake 17A ɗinta zai ƙara wa injin zafi, sai na rage shi ta wajen shant, wayar da kwantirola ke auna amfiya da ita. Kafin nan zan kai tsohon batirin wurin mai injin ɗinkin nikel ya faɗi kuɗin canza rukuni na bakwai. In ya wuce rubu'in kuɗin sabo, ƙwayoyi 36 masu lafiyar za su koma fitilar shago.